Kishin Zalɓe

Ranar da ta fara shigowa shagonsa ba tabarau ta zo saya ba. Madubin hangen nesa ta ajiye masa a kan kanta, gilashin ido ɗaya ya goce, ta ce an faɗa mata duk layin nan shi kaɗai ke da hannun gyara irin wannan.

Ya ɗago zai ce mata aikinsa yanka gilashin tabarau ne, sai ya tsaya kallonta. Takalminta duk taɓo, tana ta leƙen titi kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Ya tambayi abin da take kallo da shi. Ta ce tsuntsaye. Ita malamar kimiyya ce a sakandare, amma duk Asabar tana bakin tafki da 'yan ƙungiyarsu. Kowa na lissafa irin tsuntsayen da ya gani daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, wanda ya fi yawa shi ne gwanin shekara.

"To in an gama ƙirgawa sai a yi me?"

"Sai a sake daga farko," ta ce tana murmushi.

Gyaran bai fi na rabin yini ba, amma ya ce sai Asabar, kuma da ƙafarsa ya kai mata har bakin tafki.

A ƙungiyar kowa da sunan tsuntsunsa. Ita Tsattsewa ake ce mata don ba ta iya zama wuri ɗaya. Shi kuwa da suka ga tsawonsa da yadda yake ƙamewa a bakin ruwa ba motsi, sai suka laƙaba masa Zalɓe. Ba su san ba kifi yake jira ba.

Ita ta koya masa bambanta hazbiya da kurciya, ta koya masa gane cilakowa da kuka tun kafin a gan ta. Kafin damina ta faɗi, saƙonninsu sun bar zancen fukafukai.

"Zalɓena, yau na ga alhudahuda a katangar makaranta. Na juya in nuna maka, sai na ga ɗalibai ne a bayana."

"Tsattsewata, ki yi haƙuri da ni. Tun da na fara lissafin nan, duk wanda na gani sai in ji bai cika ba in ba kya kusa."

Sai dai akwai Likita. Likitan dabbobi ne, shi kaɗai a ƙungiyar ya ƙi sunan tsuntsu, kuma shi ke zuwa na ɗaya duk shekara. Yana da mota, yana da kyamara mai baki kamar taɓarya. "Malamata" yake ce mata. Wannan 'yar "ta" ta ƙarshe ita ke hana Zalɓe cin abinci da daɗi.

A gidan su Tsattsewa ma iska ba ta kaɗa wajen Zalɓe ba. Mahaifinta tsohon shugaban makaranta ne, wanda ya raine ta a kan kada ta yarda da na biyu. Da mahaifiyarta ta kai masa zancen mai shagon tabarau, cewa ya yi mutumin da ke rufe shago ranar ciniki ya tafi kallon balbela bai shirya riƙe gida ba. Likita kuwa ko ya bi tsuntsu, asibitinsa na buɗe.

Wata Asabar ruwa ya tsuge suna bakin tafki. Zalɓe ya ruga ya ɗauko babur, kafin ya dawo Likita ya buɗe mata ƙofar mota ta shiga. Ta ɗaga masa hannu ta gilashi. Ya koma gida jiƙe sharkaf, zuciyarsa na tafasa.

Washegari da sassafe ya ga kiranta na shigowa, ya kife wayar. Saƙonni suka biyo baya, ya ƙi buɗewa. Wai shi ma bari ta ɗanɗana.

Da hantsi ya leƙa zauren ƙungiya na waya, sai ga hoto. Gauraki biyu a tsaye cikin ciyawa, tsuntsun da ya yi wata da watanni yana mata naci ta nuna masa. A ƙa'idarsu, tsuntsun da ba a cika gani ba sai da shaida ake ƙirga shi. A ƙarƙashin hoton Likita ya rubuta: "Ni da Malamata."

Daga ranar Zalɓe ya ɗauke mata wuta. Bai daina zuwa tafki ba, don ba ya so a ce ya gudu. Akwai wata sabuwar shiga, ma'aikaciyar jinya da ake kira Kanari saboda muryarta. Ita ya koma yi wa bayani, yana daidaita mata madubi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tsattsewa tana gani. Ranar da ta ji shi yana koya wa Kanari kukan cilakowa da kalmomin da ita ta koya masa, sai da ta juya baya ta share ido. Ta zo wucewa ta gabansu ta ce, "Sannu, malam. Ashe an yaye ka."

"Ai kowa da malamarsa," ya ce, bai dube ta ba.

A gida ta rame. Mahaifiyarta ta ce yarinyar da ba a iya tsare ta a ɗaki yanzu sai an kore ta take fita.

Ana cikin haka Likita ya zo gaida Baba, mahaifinta. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya yi ta ba da labarin tsuntsayensa har shayi ya huce. Baba ya ce ya ji bana 'yarsa na bin sa a ƙafa a lissafin tsuntsaye. Likita ya yi dariya ya ce ai in Allah ya yi, za ta huta da wannan wahala, lissafi ɗaya ya ishi gida ɗaya, ta riƙa riƙe masa jakar kyamara.

Da baƙon ya tafi, Baba ya daɗe yana kallon ƙofa.

Bayan kwana biyu wani dattijo ya shigo shagon tabarau ya zauna a kujerar gwaji. Zalɓe ya gane Baban Tsattsewa ne, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ba ido na kawo ba," in ji Baba. "Tambaya ce. In ka aure ta, ta fi ka ganin tsuntsu, yaya za ka yi?"

"Baba, ai yanzu ma ta fi ni. Ita ta koya mini."

"To me ya sa take zaune a ɗaki kamar marar lafiya?"

Zalɓe ya sunkuyar da kai ya faɗi zancen mota da na hoto. Baba ya ce ya ɗauko wayar ya karanta abin da ya ƙi karantawa, shi zai jira.

Saƙo na farko ya ce: "Zalɓena, tashi maza. Gauraki biyu a gabashin tafki. Ban faɗa wa kowa ba, ina so kai ka zama shaidata."

Na biyu: "Rabin raina, ɗauki waya mana. Sun fara motsi."

Na ƙarshe: "Na jira har rana ta ɗaga. Likita ya hango ni daga hanya ya tsaya. Wallahi ba shi na so ya gani ba."

Zalɓe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya ce a makaranta yaron da ya ƙi karanta tambaya ya hau amsa bulala yake sha. Ya ce ya zo gida da yamma ya gyara abin da ya ɓata.

Ta bar shi tsaye a ƙofar falo har ƙafarsa ta gaji kafin ta fito. Ya ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ya ce kishi ne ya rufe masa ido.

"Kanari fa?"

"Ko launin mayafinta ban sani ba."

"Shuɗi ne," ta ce. "Ni na sani. Duk Asabar shi nake kallo maimakon tsuntsu."

Dariya ta ƙwace musu tare, ita tata haɗe da hawaye.

A ƙarshen shekara ita ta zo ta ɗaya, Likita na biyu. Zalɓe yana can ƙasa, amma tafinsa ya fi na kowa ƙara. Likita ya zo ya taya ta murna, ya kira ta Malama, ba ƙari.

Ba a daɗe ba aka ɗaura aurensu. Da za su tafi, suka durƙusa gaban iyaye. Mahaifiyarta ta riƙe hannun 'yarta tana kuka tana sa albarka. Baba ya dafa kafaɗar surukinsa ya ce ya ba shi ita da zuciya ɗaya, duk abin da ya ɓata masa rai ya buɗe baki ya tambaye ta kafin rana ta faɗi.

"Ke ma haka," ya ce da 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa ku tsufa kuna dariya a ɗaki ɗaya."

Suka amsa da amin, kawunansu a ƙasa, hannunta cikin nasa.