Amfilifayar Da Aljana Ta Zaɓa

Da maƙwabcina Tela ya nemi shawarata ranar da zai sayi amfilifaya, na'urar ƙara sautin kiɗa, da ba a yi haka ba. Amma mutum ya tsallake ƙofata, ni da ko sauro ya yi kuka zan faɗa maka namiji ne ko mace, ya tafi kasuwa shi kaɗai.

Tela ya daɗe yana kaɗa jita in ya rufe shagon ɗinki. A falo yake yi, a hankali, ba mai zama sauraronsa sai matarsa da 'yarsu Auta, budurwa 'yar sakandare. Wannan rashin masu sauraro ya daɗe yana ci masa rai. A shagon kayan sauti, mai shago ya nuna masa wata ƙarama, ya ce ta ɗaki ce, ta ishe shi. Tela ya dube ta kamar an zage shi. Idonsa ya faɗa kan wata baƙa a lungu, tsayinta ya kai masa ƙugu, irin wadda ake kaiwa filin taro. Mai shago ya ce wannan ta fi ƙarfin gida. Tela ya ce ai bai ga gidan ba tukuna.

Rana ta faɗi lokacin da aka sauke ta. Ya jingina ta da bangon da ya raba falo da ɗakin ajiya, bangon da ke da tsohuwar tsaga tun daga ƙasa har rabinsa. Matarsa ta ce ya bari sai da safe, almuru ya yi. Ya ce tsirkiya ɗaya kawai zai taɓa. Ya jona waya, ya murɗa maɓallin murya har sai da ya ƙi gaba, sannan ya fizgi tsirkiyar da ta fi kauri.

Kofuna suka yi rawa a kabad. Ƙura ta zubo daga tsagar. Da ƙarar ta mutu, gidan ya yi tsit, irin shirun da ke danne ƙirji. A cikin shirun ne suka ji wani siririn kuka daga cikin bango, kamar na ɗan kyanwa. Ya tashi sama, sai ya yanke.

Washegari da almuru tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Tela ya zagaya gidan da tocila bai ga kowa ba. Ya dawo ya tarar da amfilifayar tana ƙugi a hankali, wayarta kuwa tana nannaɗe a kan tebur.

Daga nan sai Auta ta daina amsa kira. Uwarta ta ɗauka rashin kunya ce, har ranar da murfin tukunya ya suɓuce ya faɗi a bayan yarinyar, ko ƙifta ido ba ta yi ba. A asibiti aka leƙa kunnuwan aka ce lafiyarsu ƙalau. Amma duk sanda haske ya fara janyewa daga taga, Auta takan tashi ta zauna a gindin tsagar, ta haɗa hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, tana rarrashi da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko malam mai ruƙiya, wani ɗan siririn dattijo da ba ya ɗaga murya. Ya zauna kusa da ita ya fara karatu a kunnenta. Auta ta juyo ta yi murmushi.

"Yi ta karatunka, Malam. Kunnuwan suna hannuna."

Muryar ta mace ce, babba, a dushe kamar ta wadda ta sha kuka. Matar Tela ta kama bakin ƙofa. Malam ya tashi ya durƙusa a gaban bango, ya kai bakinsa dab da tsagar, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Auta ta zabura. "Bari! Ɗana yana ciki!"

Ya dakata, ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba. Ta ce tun kafin a yi wa gidan fenti take zaune a bangon nan, ba ta taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Ranar nan ɗanta yana barci, kansa a jikin bulo, wannan mutumin ya fasa masa kunne. Don haka ta karɓi na 'yarsa, ya ɗanɗana.

Tela ya zube a ƙasa. Ya ce zai mayar da amfilifayar, zai karya jitar a gabanta, ba zai sake taɓa tsirkiya ba har ya mutu.

"In ka karya, 'yarka ma ta tafi ke nan," in ji muryar.

Sannan ta ce, a hankali, da wannan kiɗan nasa ɗanta ke barci tun haihuwarsa. Kiɗan ba wani daɗi gare shi ba, amma yaro ya saba. (Wannan ni ma na sha faɗa, aka ce hassada ce.) Yanzu kuwa jitar kaɗai ba ta isa kunnensa, kuma tun ranar bai runtsa ba. Tana so a ƙara muryar kaɗan, daidai kunnen da ya rage; in an yi haka, ta yi alkawari za ta saki yarinyar. Malam ya tambaya wa ya san wannan daidai ɗin. Ta ce ita. Ita za ta zaɓa.

Da yammar da ta biyo suka isa shagon, mai shago yana shirin jan ƙofa. Malam na riƙe da hannun Auta, uwarta na biye, Tela na rungume da jita. Aka ce wa mai shago yarinyar ba ta da lafiya, ya rufe ƙofa kawai ya jero ƙananan. Ya dubi idonta sau ɗaya, bai sake tambaya ba.

Ya fara jona wata matsakaiciya, yana cewa wannan tana da taushin murya. Tela ya taɓa tsirkiya. Auta ta sandare, wani siririn jini ya gangaro daga kunnenta na hagu zuwa wuyan riga. Uwarta ta toshe baki. Mai shago ya fizge wayar.

Aka jona ta biyu. Tun kafin a kaɗa, ƙuginta kaɗai ya sa fitilar shagon ta dushe. Auta ta girgiza kai.

Saura ƙaramar nan da Tela ya raina, wadda mutum zai saƙala a hammata. Malam ya ce a mayar da maɓallin ƙasa gaba ɗaya, Tela ya yi ta kaɗawa, shi zai murɗa. Yatsun Tela sun jiƙe da gumi, suna zamewa. Malam na murɗawa kamar mai cire ƙaya daga ido. Sautin ya fito siriri, ya ɗan yi kauri, ya ƙara. Hannuwan Auta suka haɗu a ƙirjinta, suka fara jijjiga. Jijjigar ta yi ta raguwa.

"Nan," in ji muryar, da raɗa. "Ya yi barci."

Malam bai ɗaga yatsansa ba sai da mai shago ya ɗiga gam a gindin maɓallin. Sannan Malam ya ce wa aljanar ta cika alkawari ta saki yarinya, kuma ta rantse ba za ta dawo jikinta ba. Ta rantse. Ta ce abin da ya rage wa ɗanta, shi za ta mayar, ba ƙari ba ragi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale jikin uwarta.

Tela ya durƙusa ta hagunta. "Auta. Uwata."

Idonta a buɗe, tana kallon silin. Ba ta motsa ba.

Ya rarrafa ya zagaya ta ɗaya gefen, ya sake kira.

"Na'am, Baba," ta ce. "Me muke yi a nan?"

Yanzu kullum da almuru ina jin kiɗan ta bangona, siriri, ba ya tsallake rana ko Tela na fama da zazzaɓi. Auta kuwa ta koma makaranta. In ka gaishe ta a hanya, sai ta ɗan karkato kai ta miƙo maka kunnen dama.