Takalmi Mai Kuka

A can wani gari, an yi wata yarinya da kakarta ta saya mata takalmin Sallah mai kuka. Ta taka, ƙii! Ta yi tsalle, ƙii-ƙii! Murna kamar ta tashi sama.

Ta ruga gidan ƙawarta, ta tarar da ita a zaure ta ɓoye ƙafafu cikin zane.

"Taso mu tafi yawon Sallah!"

"Je ki kawai. Bana ba a saya mini takalmi ba."

Yarinya ta dubi takalminta, ta sake dubawa. Sai ta cire na hagu ta miƙa mata.

"Ungo. Ke ɗaya, ni ɗaya."

Suka fita suna ɗingishi suna ƙyalƙyala dariya. Kafin la'asar, duk yaran unguwa sun tuɓe takalmi ɗaya suna biye da su.