Gashin Karen da Ya Ciji Mati

Mutanen Funtua sukan ce Sufeto Aƙilu ba tambaya yake yi ba, zama yake yi. Mahautan bakin tasha sun ce in ya zauna gabanka ya tuɓe hula ya ɗora bisa gwiwa, sai ka tsinci kanka kana faɗa masa abin da ko matarka ba ta sani ba. Kofur Bature, da ya shekara shida yana binsa, cewa yake yi, "Shirun Yallaɓai ya fi bulala zafi."

Ranar wata Litinin cikin bazarar 1965 aka kawo takarda daga dagacin Tsiga. Wani ɗan ƙwadago mai suna Mati ya mutu da haukan kare. Mutane sun kewaye kantin wani Bayarabe, Ganiyu, sun ce karensa ne ya yi cizon.

Kafin azahar Sufeto da Kofur sun isa. Ba a binne gawar ba tukuna. Akwai shatin igiya a wuyan hannuwanta, don sai da maza huɗu suka ɗaure shi kafin ya cika. A ƙwaurin dama akwai tabon cizo, ya warke da baƙi-baƙi a gefensa.

"Yaushe aka cije shi?"

"Yau kwana arba'in da ɗaya," in ji dagaci. "Kwana uku na ƙarshe, ko ƙarar ruwa ya ji sai ya shaƙe. Alƙali zai zauna ranar Alhamis. Doka dai a fili take, ranka ya daɗe, mai kare shi ke da cizo. Diyyar rai ce."

"Wa ya ga cizon?"

"Maitama, maigidan Mati. A gonarsa yake aiki. Ya ce da idonsa ya gani, a bayan kantin."

Sun tarar da Ganiyu a cikin kanti, ya tokare ƙofa da buhun gishiri. An riga an farfasa tagar da duwatsu.

"Yallaɓai, shekara goma sha tara ina garin nan," ya ce. "'Ya'yana duka nan aka yanke musu cibiya. In an ɗora mini ran mutum, ko na sayar da kanti da gida ba su isa ba. Kuma ina zan kai su? 'Yata Morenike ko hanyar garinmu Ogbomoso ba ta sani ba."

"Ina karen?"

Ganiyu ya kai su baya. Wani baƙin kare ne, baƙi ƙirin, yana ɗaure yana lasar ruwa a kasko. Da ya gan su sai ya kaɗa wutsiya.

"Wannan dai in mahaukaci ne, to ya fi ni hankali," in ji Kofur.

Sufeto bai yi dariya ba. Malamin dabbobi ya taɓa gaya masa cewa karen da hauka ya kama har ya ciji mutum ba ya wuce kwana goma a duniya.

"An zo neman gashinsa?"

"An zo. Na hana."

"Don me?"

"Haba Yallaɓai. Ka san al'ada. Karen da ya yi cizo, gashinsa ake ƙonawa a shafa a ciwon. Ranar da na ba da gashi, ranar na amsa laifi gaban gari. Na ce karena bai ciji kowa ba. Tun daga nan suke cewa na fi son kare da mutum."

Sufeto ya sa aka tafi da Ganiyu Funtua, don kada a wayi gari ba shi da rai.

Kulu, matar mamacin, daga bayan asabari ta yi magana. Sufeto ya zauna a bakin ƙofa, ya yi mata ta'aziyya, ya yi shiru.

"Sai da na ce ya je a yi masa allura," ta ce. "Maigidansa ya ce ba sai an je ba, ƙwarzane ne, gashi ya isa."

"Ai na ji an hana ku gashin."

"Bayaraben ya hana. Washegari Baba Maitama ya kawo, Allah ya saka masa. Ya ce shi ya je ya roƙo mana da kansa."

"Kin taɓa ganin karen Ganiyu?"

"Ni da ba na zuwa kasuwa? Ina zan gan shi?"

"Duka kika ƙona?"

"Na rage kaɗan, ko ciwon zai tashi."

Hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari da ƙullin tsumma. Sufeto ya kwance. Gashi ne ja, kamar na akuya.

Kofur ya buɗe baki zai yi magana. Sufeto ya dube shi, sai ya rufe.

Gonar Maitama tana gabas da gari, da rumbuna uku da bukkar gadi. Maitama dattijo ne ƙaƙƙarfa, ya yafa mayafi duk da zafin da ake yi. Sufeto ya tambaye shi ko yana da kare.

"Ni da kare? Ina salla zan ajiye najasa?" ya ce. "Ku je ku tambayi mai kanti."

Sufeto ya zaga bayan rumbu. Akwai turke a kafe, da guntun sarƙa. Gindin turken duk a tattaune yake, har itacen ya yi zare-zare. Ya tsuguna ya shafa.

"Na akuya ne," in ji Maitama.

"Akuyarka tana da fiƙa ke nan, Baba," in ji Kofur.

"To, na tuna. Akwai wani kare da Mati ya tsinto bara. Tuni na ba mafarautan Musawa."

"Wane launi ne?"

"Wa ke duba launin kare?"

Sufeto ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ungulu biyu na zaune kan wata busasshiyar marke a ƙarshen gona, ba sa motsi.

"Gobe ka zo caji ofis, Malam Maitama. Za a rubuta shaidarka don alƙali."

Washegari Maitama ya zo da hantsi. Idanunsa sun faɗa, yana ta murza kafaɗar dama. Ganiyu na zaune a benci gefe guda, bai ɗaga kai ba. Aka rubuta shaidar, aka karanta masa: ya ga baƙin karen Ganiyu ya kama ƙafar Mati a bayan kanti.

"Haka ne?"

"Haka ne."

"To, dangwala."

Maitama ya miƙo hannun hagu.

"Na dama ake sawa," in ji Kofur.

"Lauje ya yanke ni."

"Ba kome. Babban yatsa kawai muke so."

Ya fito da hannun daga mayafi, naɗe da ƙyalle. Kofur ya warware. A tsokar tafin akwai ramuka huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Sun warke, gefensu baƙi da toka, irin na ƙafar Mati.

Sufeto ya ajiye ƙullin tsumma a kan tebur, ya buɗe shi. Sannan ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa.

Can tasha wata mota ta yi ƙaho.

"Kofur, dattijo ya sha hanya. Ɗebo masa ruwa."

Kofur ya tsoma moɗa a randa. Tun daga ƙarar tsiyayar Maitama ya fara haɗiyar iska. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai bakinsa. Maƙogwaronsa ya shaƙe, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, moɗar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur.

Kofur ya ja da baya har ya bugi bango.

"Tun yaushe?" in ji Sufeto a hankali.

"Jiya da asuba. Wajen alwala."

"Ina saurare."

"Nawa ne. Ja ne. Shekara huɗu yana gadin rumbuna." Muryarsa tana fita guntu-guntu. "Kwana biyu ya ƙi abinci, yana cin turke. Na sani. Na ce Mati ya je ya ƙara masa sarƙa, ban gaya masa ba. Ya kama shi. Da na zo kashe karen, ni ma ya kama ni. Na binne shi gindin marke."

"Me ya hana ku zuwa asibiti?"

"In mun je za a tambayi kare. In an tambayi kare za a zo kaina. Na ce wa Mati ya ce a kasuwa ne, ni zan yi masa magani. Na aske gashin kafin in binne. Wallahi na yarda zai yi. Shi iyayenmu ke yi."

"Da ka kawo baƙin gashi, da ban kama ka ba."

"Baƙi ai ba zai yi magani ba, Yallaɓai. Sai na wanda ya yi cizon. Ban so yaron ya mutu ba."

Sufeto ya yaga takardar farko, ya sa aka rubuta wata. Maitama ya dangwala da hannun dama.

"Diyyar Mati tana wuyanka. Alƙali zai fitar wa Kulu da 'ya'yanta daga dukiyarka, ko kana nan ko ba ka nan. Maganar shaidar zur kuma mu za mu ji da ita. Amma asibiti za a fara kai ka."

"Akwai amfani?"

Sufeto ya kau da kai, ya mayar da hularsa.

'Yan sanda biyu suka naɗe hannuwansu da tsumma kafin su kama shi. A bakin ƙofa ya turje, ya waiwayo. Ganiyu ya miƙe tsaye, hularsa a hannu.

"Mai kanti," in ji Maitama. Ya haɗiye da ƙyar. "Malam Ganiyu. Ba ka yi mini kome ba. Na duba gari, na ga kai ne ba ka da mai tsaya maka. Na cuce ka, na cuci 'ya'yanka. Don Allah ka yafe mini."