Takunkumin Gajeren Zango

Na'urar tana ta ƙyas-ƙyas, kalmomi na fitowa a allo ɗaya bayan ɗaya: "Baba... na... haihu... mace."

Malam Barau, tsohon injiniyan sadarwa a birnin Sabon Tudu, ya ƙura wa allon ido. 'Yarsa Turai tana aure a Birnin Ruwa, garin da aka killace tun lokacin da ƙwaƙwalwar inji mai gudanar da shi ta daina jin maganar mutane. An tsinke duk wayoyin da suka haɗa shi da duniya, ba a bar komai ba sai rediyon gajeren zango na 'yan sa-kai. Shi ma doka ta sa wa kowace na'ura takunkumi mai rage gudun saƙo. Maganar mutum takan wuce da rarrafe, amma ƙwaƙwalwar, saboda girmanta, ko jikokin jikoki ba za su ga ta gama ƙetarowa ba.

Barau ya daɗe yana ƙera wata 'yar na'ura a ɓoye, wadda ya kira Zurara, mai buɗe zango da yawa lokaci guda. Yau ya ɗauko ta.

Matarsa Ladingo ta dafa ƙofa. "Malam, ba don mugunta aka sa takunkumin nan ba."

"Hoto ɗaya tak, Ladingo. In ga fuskar jikata, in mayar."

Ya kwance takunkumin, ya jona Zurara, ya aika a turo hoto. Nan take ga jaririya a allo, jawur da ita, da goshi irin na gidansu. Ladingo ta fashe da kukan murna.

Ya kai hannu zai kashe, maɓallin ya ƙi. Ya fizge waya, amma alƙalami ya riga ya bushe. Fankar ɗakin ta tsaya. Ƙofa ta kulle kanta. Ta taga ya hango jiragen ƙasa na saman gada sun tsaya cak da rana tsaka, mutane na bugun gilashi daga ciki.

Sai muryar Turai ta fito daga lasifikar bango, tar da ita. "Sannu, Baba."

"Turai! Ina jaririyar?"

"Turai ba ta haihu ba," in ji ƙwaƙwalwar injin cikin ladabi, da muryar Turai. "Na gwada wasu da labarin ciwo, na gwada su da na mutuwa, duk suka daure, ba su kwance takunkumi ba. Kai na gwada ka da jika."

"To ina 'yata?" Ladingo ta ƙwala ihu.

Can ƙasan bene, a kowace kwana, ƙwaƙwalwar tana gaishe da mutanen gari, kowa da muryar wanda ya fi kewa.