Jirgin da Ba Ya Sallama

Ana dab da kiran magariba, Jamilatu na tsakar gida tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran unguwa ne. Wani ya sake faɗowa gefen murhu, da zafinsa kamar daga wuta aka ciro shi. Mijinta Saminu ya fita da buta a hannu ya zagaya gidan, ko akuya bai gani ba. Da ya dawo sai ya tarar da 'yarsu Salma tsaye a bakin rijiya, ta ɗaga kai sama, tana kallon abin da su ba su gani.

Saminu injiniya ne, irin mutanen nan da in ka ce musu aljani sai su tambaye ka nauyinsa. Yana aiki da wani kamfani mai ƙera ƙaramin jirgin sama na batir, wanda ke tashi tsaye ba sai da titi ba, don ya riƙa tsallakar da mutane cunkoson manyan birane. Da suka nemi filin gwaji, shi ya jawo su dajin da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Aikinsa ɗaya ne, kashe ƙarar farfela. Shekaru ya ɓata yana fama, har ya kai jirgin na wuce mutum bai sani ba sai dai ya ga inuwa. Da almuru suke tayar da shi, don lokacin ne iska ke kwantawa.

Tun daga ranar da aka fara jifan Salma ta daina magana, ta daina ci sai an ɗura mata. Rana na faɗuwa jifa zai fara, gidan ya yi tsit, kaji ma su shige akurki da wuri. Saminu ya kai ta asibiti, aka auna komai aka ce lafiyarta lau. Ya kafa fitila a kan katanga, ya kafa kyamara, kyamarar ta nuna masa duwatsu na saukowa daga sama kawai. Takaici ya ishe shi. Mutumin da ya tanƙwara iska, ga shi tsakuwa ta gagare shi a cikin gidansa. Jamilatu ta yi ta roƙonsa a kira Malam Arzika na Mandera, mai ruƙiyya, yana cewa a dakata. Ranar da ya ɗaga yarinyar ya ji ba ta fi ƙullin kaya nauyi ba, da ƙafarsa ya je.

Malam ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma har inuwa ta cinye tsakar gida. Sannan ya fara karatu a hankali. Can Salma ta miƙe zaune, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe, cike da fushi.

"Mi munka yi muku? Ina uban ɗiyar ga?"

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta. Ta ce ita aljana ce Musulma, kuma suna da hanyarsu a sama daga Shagari zuwa Bodinga tun kafin a zuba kwalta a ƙasa. Manyan jirage ba su taɓa damunsu ba, tun daga nesa suke ruri, kowa ya kauce. Ko macen da za ta watsa ruwan zafi da almuru sai ta yi bisimilla don su janye yaransu.

"Amma wanga jirgi nashi ba shi sallama. Shiru yaz zo awa ɓarawo, yak karya min ƙahwar jika."

Tsohuwar ta ce za ta riƙe Salma har jikanta ya taka. Malam ya tsawatar mata, ya ce yarinyar ba ta ƙera komai ba, kuma Allah ba ya barin zalunci ko na wane jinsi ne. Ta ce to a ƙone jirgin. Saminu ya ce ba nasa ba ne. Ya roƙi a bar shi ya canza lokacin tashi, ta ce yara ba su da lokacin yawo. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya.

"Shi yi ƙara mu ji. In yas sake tashi shiru, ni da ɗiyar ga har kabari."

Salma ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, barci ya ɗauke ta.

Washegari Saminu ya sami manajansu, ya roƙi a sa wa jirgin ko da ƙaho ne. Manaja ya yi dariya har da hawaye. Ya tuna masa cewa manyan baƙi na tafe, kuma shirun nan kaɗai suke zuwa ji, shi ne abin sayarwar. Me Saminu zai ce? Wata tsohuwa ta hana?

Ranar da baƙin suka zo, ya riga kowa shiga rumfar jirgin. Ya kwance farfelolin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansu, ya jingine su a bango, ya ɗaura tsofaffin na farko. Yana zagin kansa, yana ɗaurewa. Da yamma jirgin ya tashi da ƙugi kamar injin niƙa, baƙi suka toshe kunnuwa, tumaki suka watse a daji. Manaja ya juyo ya dube shi. Saminu bai jira a furta masa kora ba, ya cire katin aikinsa ya ajiye a kan kujera.

Ya isa gida ana sallame magariba. Salma na zaune kusa da uwarta, hannunta cikin kwanon tuwo.

"Baba, yau har nan mun ji jirginku."

Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Kowa ya ji shi, Salma. Ci abincinki."