Abin da Ya Cinye Rumbun Kwamfutar Paapa

"Ban kira ka don ina marmarin ganinka ba, Edem. Kwamfuta ce ta ƙi aiki."

Pokuaa ta faɗi haka kanta a sunkuye, don ta san in ta dube shi zuciyarta za ta ba ta kunya. Amma ido ba ya jin kwaɓa. Leɓensa a fashe, ido ɗaya a kumbure ya rufe ruf, hannun hagu a naɗe da tsumma. Aikin yayanta Ofori ne da abokansa, a tsakiyar tashar mota, jama'a na kallo.

"Na ji," ya ce a hankali. "Matsa in gani."

Tun ranar Lahadin da aka tsinci mahaifinta, Opanin Frimpong, wanda suke kira Paapa, kwance cikin jini a shagonsa na ɗab'i da ke Asafo, kai a rotse, duniya ta juya wa Edem baya. Tsohon yana asibiti, har yau bai farfaɗo ya ce uffan ba. Ofori ya rantse ya ga Edem na fita ta ƙofar baya. Kowa kuma ya san dangin Edem sun kawo kwalbar ƙwanƙwasa ƙofa ta al'ada don neman auren Pokuaa, tsohon ya ce su je su jira. To me ya rage? 'Yan sanda na nemansa, dangi na nemansa, ita kuwa da ta fi kowa nemansa ta rasa wanda za ta gaskata.

Sai dai aiki bai san ana jinya ba. Asabar, ranar jana'iza, na tafe, Kumasi kuwa ba ta binne mutum sai hotonsa ya cika bango. Masu makoki sun yi mata caa, ga kwamfuta ta ƙi adana ko hoto guda, kullum sai ta ce rumbunta ya cika.

"Me kika goge?"

"Komai. Tsofaffin ayyuka, waƙoƙin coci na Paapa... har hotunanmu."

Ya juyo ya dube ta. "Har namu?"

"Har namu."

Wannan ta fi dukan tasha yi masa ciwo, ta gani a fuskarsa, ta kuma ji haushin kanta. Ya ja kujera ya kama aiki da hannu ɗaya. Ya leƙa kwandon sharar kwamfutar, wayam. Ya duba girman foldojinta ɗaya bayan ɗaya, duka ba su kai rabin rumbun ba, amma layin da ke nuna cikarsa ya yi ja zur.

"Wani mai gyara ya ce cuta ce ta shiga, sai an wanke ta gaba ɗaya."

"Shi ne cutar. Wanda bai iya ba kullum wanki yake sani." Ya danna wani wuri. "Akwai abin da ke ci a ɓoye. Bari in fito da foldojin da ba a gani, in jera su daga babba."

Sai ga wata folda ta hau sama, ita kaɗai ta haɗiye fiye da rabin rumbun. Edem ya ƙura mata ido, sannan ya ɗaga kai ya dubi saman kantar takardu, inda wata 'yar kyamara ke zaune ƙura ta lulluɓe ta.

"Wannan ai ta mutu tun bara," in ji Pokuaa.

"Ba ta mutu ba. Ni na sa ta lokacin da ake muku satar takarda. Na saita ta ta riƙa ɗauka duk sanda aka tashi daga aiki, in dai an bar kwamfuta a kunne. Paapa ya ce wuta na tsada, a riƙa kashewa, shi ke nan kowa ya manta da ita. Wa ke rufe shago?"

"Paapa mana. Ba ya yarda da kowa."

"Yaya yake kashe ta?"

Ta miƙa yatsa ta nuna maɓallin da ke jikin allo. Sai yatsan ya tsaya a iska.

Haka tsohon yake. In allo ya yi baƙi, a wurinsa kwamfuta ta yi barci, kuma ba a haifi ɗan da zai koya masa aiki a shagonsa ba. Ashe akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur bai taɓa hutawa ba, kyamara na ta ɗaukan ɓeraye da inuwa wata da watanni tana zubawa a rumbu.

"Edem... har da ranar Lahadi?"

Ya nemo ranar, ya janye hannunsa. Ita ta danna.

A allon, ga Paapa da zanen cocinsa a kafaɗa, yana jera takardu. Ga Ofori ya shigo. Muryarsa ta fito daga kwamfutar.

"Paapa, da gaske ne ka gaya wa dangi Kwarteng zai gaji shagon nan?"

"Ɗan 'yar'uwata ne. Haka na gaji kawuna, haka zai gaje ni. Kai ka nemi naka a ɗakin uwarka."

"Ni da na bar makaranta na ƙare ƙuruciyata a bakin injin nan? Shi da bai san warin tawada ba?"

"Ba ni na kafa al'ada ba. Fita ka ba ni wuri."

Ƙarfen da ake danne wuƙar yankan takarda da shi yana jingine a bango. Pokuaa ta ga hannun yayanta ya kai gare shi. Ta ji ƙarar. Ta ga mahaifinta ya zube, ta ga Ofori ya ƙara masa, sannan ya durƙusa yana girgiza shi yana kiran Paapa, Paapa, ya goge hannu a wando ya fice ta ƙofar baya.

Ta ƙura wa allon ido. Wannan fa shi ne yayanta, Bra Ofori, da ya goya ta zuwa makaranta, wanda yake tsame naman miyarsa ya sa mata a kan sakwara.

"Ga abin da ya cinye rumbun," in ji Edem. "In na goge, kwamfuta za ta yi aiki, hotunan Asabar su fita, asirin gidanku ya rufu."

"Kai fa?"

"In tsallaka iyaka in tafi Lome wurin ƙanwar uwata. Ba zan sa ki zaɓa ba, rabin raina. Jininki ne."

"Kar ka kira ni haka... na zarge ka, Edem. A zuciyata na zarge ka."

"Na sani."

Ƙofar gaba ta bugu da bango. Ofori ne, jajayen idanu, baƙar rigar makoki a jikinsa tun ba a mutu ba. Ya dubi Edem, ya dubi allon da hotonsa ke tsaye a kai da ƙarfe a hannu. Fuskarsa ta canja.

"Kai, ɗan iska. Ban ce in na sake ganinka sai uwarka ta haifi wani ba?"

Ya shaƙo wuyan Edem ya maka shi da kantar takardu, suka zubo musu. Naushi ya sauka a kan kumburarren idon, jini ya fantsama a kan hoton wata tsohuwa da za a binne ranar Asabar. Edem ya kai ƙasa, Ofori ya bi shi da ƙafa, haƙarƙari, ciki, hannun nan mai tsumma.

"Bra Ofori, za ka kashe shi!"

Ta faɗa a kan Edem ta rufe shi da jikinta. Takalmin Ofori ya same ta a gadon baya, numfashinta ya ɗauke. Ya finciko ta da gashi ya wanka mata mari.

"Saboda baƙo? Saboda wannan za ki tona wa ɗakin uwarki asiri?"

Ya waiga ya rarumo ƙarfen nan, shi dai wannan ƙarfen, da aka wanke aka mayar bango. Ya ɗaga ya sauke a kan allon. Gilashi ya tarwatse. Ya ƙara, ya ƙara, har sai da allon ya zama tarkace. Maƙwabta masu ɗab'i suka cika ƙofa, biyu suka riƙe shi ta baya, yana haki yana dariyar da ba ta da daɗin ji.

"To, ina shedar taku yanzu? Ku nuna wa mutane mana."

Pokuaa na durƙushe, bakinta cike da jini. Daga nan ƙasa ta hango shi: akwatin yana ƙarƙashin tebur lafiya lau, 'yar koriyar fitilarsa na ƙiftawa, fankarsa na huci kamar kullum. Hawaye suka zubo mata, don tausayi ne ya fara kama ta kafin fushi.

"Kai ɗan Paapa ne na gaske, Bra," ta ce. "Da ya san yadda kuka yi kama, da bai hana ka komai ba."

Ta rarrafa ta kashe akwatin ta maɓallinsa, yadda Edem ya koya mata, ta zare wayoyin. Ta kwance ɗankwalinta ta yi gammo, ta ɗora shi a ka. Sai a lokacin Ofori ya gane. Shedar na cikin akwatin, ba a allon ba.

"Poku... ƙanwata. Ki tuna Maame, uwarmu. Ɗa ɗaya gare ta namiji."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta tuna Maame sarai, tana can gefen gadon asibiti tana share wa miji baki tana tsine wa Edem. Ta san daga yau ba lallai uwar ta sake kiran sunanta ba. Ba ta waiga ba.

Ofishin 'yan sanda na can gangaren titi, can ta nufa. Edem ya biyo ta yana ɗingishi, hannu dafe da haƙarƙari.

"Kawo in ɗauka miki, masoyiya. Bayanki..."

"A'a." Ta gyara zaman akwatin, ta miƙa masa ɗaya hannun ya riƙe. "Kai ka ɗauki wanda ba naka ba ya isa. Wannan kayan gidanmu ne, ni zan kai shi."