Motar Stratis Ta Fi Lungunmu Faɗi

"Mama, don Allah leƙa ki gani. Sun shigo?"

Mama ta ɗaga labulen kicin ta leƙa tsakar gida, ta saki.

"Babanki ya ɗauko tef ɗin awo."

"Tef? Me zai auna?"

"Bodin motar."

Na dire farantin da ke hannuna har kofuna suka yi ƙara. Tun hantsi nake tsaye cikin sabuwar riga da takalmin da ke cizon ƙafata. Ranar ce Stratis, saurayina, ya zo neman aurena wurin Baba. Mahaifiyarsa na falo ita kaɗai, ta cinye rabin alawar da muka ajiye saboda rashin abokin hira.

Shi kuwa ko ƙofar falon bai kai ba.

Laifinsa ɗaya: ya zo da sabuwar a-kori-kurarsa, fara sol, mai ƙofa huɗu. A ƙauyenmu, can kan duwatsun da ke saman birnin Rethimno, namiji zai iya yafe maka zagin gashin bakinsa, amma ba zai wuce sabuwar a-kori-kura bai tanka ba. Balle Baba Manusos, wanda tsohuwar motarsa ta girme ni.

Na fita na tsaya a bakin ƙofa. Babu wanda ya waiwayo.

"Dubi nan," in ji Baba, yana nuna tef ɗin. "Motarka ta fi tawa tsawo, ta fi ta faɗi, sai mutum ya yi tsalle kafin ya hau. Amma bodinta bai kai na tawa ba. Jikin giwa, cikin ɗan akuya."

"Baba Manusos, ba tsawon bodi kaɗai ake dubawa ba. Wannan tan guda take ɗauka ba ta durƙusa ba. In ka ɗaura mata tirela, ta ja fiye da tan uku ta hau dutse."

"Buhun zaitun nawa za ka jera a wannan ɗan akwatin?"

"Sai in ɗora su sama..."

"Sai su zubo a kwana. Ka sayi kujeru ka bar wurin kaya. Kiwon zuma kake yi ko haya?"

Na yi gyaran murya. Stratis ya kalle ni, ya yi murmushin da na saba narkewa a kai. Na yi masa alama da ido cewa ya yi shiru, ya bar tsoho ya ci gardamar.

Sai ya juya ya ce, "Amma ai taka ba ta ja da ƙafa huɗu."

Na rufe ido.

Har rana ta karkata ba wanda ya ambaci sunana. Da za su tafi Baba ya ce, "Mutumin da bai auna lungu kafin ya sayi mota ba, ba zan danƙa masa 'yata ba." Ya shige ciki.

Kashegari na sami Stratis a wurin amyoyinsa, bayan gari. Yana hango ni ya cire hular ragar da ke fuskarsa.

"Argiro, rabin raina..."

"Kada ka kira ni rabin ranka. Rabin ranka na can a fake ƙarƙashin bishiya, har ka lulluɓe ta da tamfol."

"Ki saurare ni mana."

"Na saurare ka jiya. Na san faɗin tayarta, na san yawan giyarta. Abin da ban ji ba shi ne, 'Baba, ina son 'yarka.' Kalma huɗu, Stratis."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"Kin san me ya sa na sayi mai ƙofa huɗu? Na so in sayi mai dogon bodi, ta fi dacewa da aikina. Sai na tuna ke. Na ce in Allah ya ba mu yara, ba zan zuba su a baya tare da amya ba."

Zuciyata ta yi wani irin sanyi, amma ban bari ya gani ba.

"To me ya hana ka faɗa wa Baba haka?"

"Haba... in tsaya gaban mahaifinki ina zancen yara? Da wane idon?"

"Amma kana da idon gaya masa motarsa ba ta ja da ƙafa huɗu."

"Ai gaskiya ce."

Na juya na tafi, don in na tsaya zan iya kifa masa amya a ka.

Da an bar mu haka, da fushin Baba ya huce. Amma akwai Haridimos, ɗan aminin Baba. Gonar zaitun ɗinsu na jingine da tamu ta kan tudu, kuma ya daɗe yana kallona yana kallon gonar, ban san wadda ya fi so ba. Shi ma yana da sabuwar a-kori-kura, ja, mai ƙofa biyu da dogon bodi, irin wadda Baba ke kira motar maza.

Sai ga shi kullum a gidanmu, yau da cuku, gobe da kwalbar barasar raki.

"Kawu, ni ba na son kai magana," na ji yana cewa wata rana. "Amma a shagon kofi Stratis ya ce motarka ta dace a mayar da ita akurkin kaji."

Daga baya na tambayi Stratis. Cewa ya yi motar ta yi aiki ta gaji, ya kamata ta huta. Haridimos ne ya ƙara kajin.

Shi ne kuma ya kawo shawarar. Lokacin girbi ya zo, zaitun ɗinmu na kan tudu na jiran a kai shi injin matsa. Ya ce a raba buhunan biyu, rabi a jar mota, rabi a fara, a ga wadda za ta riga isa. Baba ya buga tebur ya ce ya yarda.

"Baba, ni ce kyautar gasar?" na tambaya.

"Wa ya yi zancenki? Mota ake gwadawa."

"Wanda ya ci fa?"

Ya miƙe ya fita duba buhuna.

Na kira Stratis na roƙe shi kada ya je. Ya ce, "Hasken idona, wannan ne kawai yaren da mahaifinki yake ji."

"Ni kuma wane yare zan yi maka ka ji?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ranar gasar gari ya waye da hadari. Tun cikin dare aka yi ruwa a kan duwatsu. Zaitun in aka tsinke shi ba ya son jira; in ya kwana a buhu da laima, man ya yi tsami, wahalar shekara ta tafi a banza. Ni da Mama muna ɗaure bakin buhu, hannuwanmu sun yi baƙi, maza kuwa na zagaye motoci suna duka taya da ƙafa.

Hanya biyu ce zuwa injin. Ɗaya ta kwari, ana tsallake rafi. Ɗaya ta cikin gari, ta lungun coci. Na hango Haridimos ya dafa kafaɗar Stratis yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ashe cewa ya yi ruwa ya cinye hanyar kwari, gara ya bi ta gari.

Stratis ya ɗauki rabonsa ya tafi. Yana ɓacewa, Haridimos ya sa aka loda masa nasa har da rarar buhunan da aka ce a bari sai an dawo.

"Ya yi yawa," in ji Baba. "Bayanta ya zauna."

"Kawu, dogon bodi ke nan. Sawu ɗaya, an gama."

Ya kama hanyar kwarin da ya ce ta lalace. Baba ya bi shi a tsohuwar motarsa. Ni na gangara gari da ƙafa, raina a ɓace.

A lungun coci na tarar da taro. Farar motar ta cushe tsakanin katangar coci da gidan tsohuwa Zambiya, ba gaba ba baya. Ko ƙofa ba ta buɗuwa. Stratis na zaune a ciki kamar kaza a kwando, tsohuwar na leƙowa ta taga tana faɗa masa irin tarbiyyar da bai samu ba.

Na tsaya a gaban motar na naɗe hannu.

"Tan uku, ko?"

"Argiro, ba yanzu ba..."

"A'a, ina so in ji. Giya ta nawa ce ke fitar da mutum daga lungu?"

"In na yi a hankali zan fita ba ƙwarzane. Sai dai zai ɗauki lokaci."

Wayata ta yi ƙara. Baba ne. Jar motar ta nutse a tsakiyar rafi saboda nauyi, ruwa na ƙaruwa, ya fara taɓa buhunan ƙasa. Ya gwada janta da tasa, igiyar ce ma ta tsinke.

Na faɗa wa Stratis. Ya kalli katangar dama, ya kalli ta hagu. Na san yadda yake ji da fentin motar nan. Da rigarsa yake goge mata ƙura.

"Matsa gefe," ya ce.

Ya sa giyar baya ya taka. Ƙarar da ƙarfe ya yi a jikin dutse har cikin haƙorana na ji ta. Madubin dama ya ɓalle ya faɗi, na hagu ya bi shi. Da ta fito, gefe da gefe kamar damisa ta yi wasa da ita. Bai ko sauka ya duba ba.

"Shigo."

Muka isa rafi ana yayyafi. Haridimos na tsaye a kan buhuna yana ba ruwa umarni. Stratis ya shiga ruwan har ƙugu ya ɗaura sarƙa, ya dawo jiƙe sharkaf ya kama sitiyari. Farar motar ta yi gurnani, tayoyinta huɗu suka kama tsakuwa, ta fizgo jar da kayanta gaba ɗaya zuwa tudu.

Buhu kaɗan ne suka jiƙe. Muka kai injin a kan lokaci.

A can, man farko na zuba kore shar, Baba ya zagaya farar motar yana shafa ƙwarzanen.

"Wa ya ce ka bi ta lungu?"

Stratis ya kalli Haridimos. Baba ma ya kalle shi. Haridimos ya tuna yana da aiki a gida.

"Tana da ƙarfi," in ji Baba. "Bodin dai gajere ne."

"Gajere ne, amma..."

"Na ba ka ita. Jeka ka gaya wa mahaifiyarka."

Suka yi musabaha. Ina tsaye kusa da su, laka har gwiwa, gashina na ɗigar ruwa.

"Wa aka bayar?" na ce.

Suka juyo tare.

"Ina tambaya ne. In motar ce, Allah ya sa albarka. In ni ce, ban ji an tambaye ni ba."

"'Yar nan, ba shi kike so ba?"

"Shi nake so, Baba. Tun kafin ya sayi mota nake sonsa. Da yau sarƙar ta tsinke fa? Sai ka ba Haridimos?"

Na wuce gida na haɗa jaka, na hau bas zuwa Rethimno wurin gwaggona.

Na kashe waya. Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce mazan dutse sai an bar su da yunwa suke tuna inda kicin yake.

Ranar Lahadi ina zaune a bakin teku sai ga Stratis. Ya rame kaɗan, ya sa rigar da ya sa ranar neman aure. Ya tsaya nesa kamar mai jiran izini.

"Zan iya zama?"

"Bencin gwamnati ne."

Ya zauna a can ƙarshe. Muka zuba wa jiragen masunta ido.

"Mamanki ta wanke ni tas," ya ce. "Tawa ma ta ƙara. Har limamin coci, bayan ya gama zancen katangarsa."

"Sai suka turo ka."

"Ba wanda ya turo ni. Na yi ta tunani ne... Na yi gardama da mahaifinki, na yi gasa da Haridimos, duk ina cewa don ke nake yi. Amma ko sau ɗaya ban tsaya gabanki na tambaye ki ba. Na ɗauka tunda kin sani, shi ke nan."

"Na sani. Ina so in ji ne."

Ya matso. Hannunsa duk tabon harbin zuma, ya kama nawa.

"Argiro, ina sonki. Ba ni da wayo, bakina ba ya shiru inda ya kamata, kuma ba na jin zan canza gaba ɗaya. Za ki aure ni a haka?"

Na so in ja masa rai. Na shirya maganganu masu zafi tun a bas. Duk suka gudu.

"Kai wawa ne, Stratis."

"Na sani, masoyiyata."

"Zan aure ka."

An ɗaura auren da bazara. Baba ne ya riƙe hannuna daga gida zuwa coci, masu goge na gaba, dangi na baya. Muna dab da ƙofa, ina hango Stratis a tsaye da furanni, sai Baba ya rage tafiya.

"Argiro."

"Na'am, Baba."

"Ko da jaki ya zo ranar nan, da na auna kunnensa na ce ya yi gajere. Ba motar ba ce. Gidan ne zai yi min faɗi in ba kya ciki."

Na tsaya cak. Masu goge suka yi gaba ba su sani ba.

"Baba, sai yanzu? Da ka faɗa tun farko ai da ba a ƙwarzane wa coci katanga ba."

"Yi shiru, mutane na kallo."

Ya zaro hankicinsa ya goge min ido, ya goge nasa, ya damalmala min kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi. Haka na shiga coci, ido jawur, ina riƙe da hannunsa gam har sai da ya ɓamɓare yatsuna da kansa ya sa su cikin na Stratis.